Maigida ya ce in kwanta, likita ta ce in motsa: wa zan bi?

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce, shekarata 38, 'ya'yana huɗu, autan ya shekara biyu. Wata takwas ke nan ina fama da ciwon baya, daidai ƙugu. In na daɗe a kan keke sai in ji kamar an ɗora mini dutse, miƙewa kuwa sai na dafa tebur. Na je asibiti, likita ya duba ni ya ce ba sai an yi hoto ba, ya tura ni wajen likitar fisiyo, mai magani ta hanyar motsa jiki. Ita kuma ta ce tsokokin ciki da na baya zan ƙarfafa, ta ba ni takarda mai zane-zane. Gaskiya raina bai kwanta ba, gani na yi an raina ciwon nawa, sai na ajiye takardar. Daga baya ƙanena ya turo mini bidiyon masu kwanciya rigingine suna tasowa zaune. Na riƙa yin talatin da safe, talatin da dare. Kwana biyar ciwon ya ninka, na yi kwana uku ban taɓa keke ba. Tun daga nan maigida ya hana ni duk wani motsa jiki, ya sayo mini bel na ɗaure baya, ya ce in kwanta in huta, in ma bar ɗinkin gaba ɗaya. Kullum sai na sha maganin kashe zafi. Ina tsoron kada in ƙare a kwance, kuma ba na so in saɓa masa. Wa zan bi?

'Yar'uwarki mai ɗinki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Wata takwas mutum na kwana da ciwo yana tashi da shi ba wasa ba ne, balle ga yara huɗu, ga ɗinkin mutane a jibge ana yi miki waya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsoron nan na ƙarewa a kwance, don ina ganin shi ke tuƙa ku duka, ke da maigidan.

Bari mu fara kawar da abin da ba ya jira. Idan kin wayi gari fitsari ko bayan gida yana kuɓuce miki, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinki da wurin zama ya mutu ba kya jin taɓi, ko ƙafa tana ƙara mutuwa har kina jan ta, ki bar karanta amsar nan ki tafi asibiti a ranar. Haka kuma idan ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko gumin dare, ko yana tashin ki daga barci duk yadda kika juya, ko ya fara ne bayan wata muguwar faɗuwa, ko an taɓa yi miki maganin ciwon daji ko tarin fuka: ki koma wajen likita ki faɗa masa ƙarara. Ba ki ambaci ko ɗaya ba a wasiƙarki, likita kuma ya duba ki da hannunsa, don haka zan ɗora maganata a kan cewa babu.

To, maganar hoto. Na fahimci ɓacin ranki. Mutum ya je da ciwon da ya hana shi sakat, a sallame shi da takarda mai zanen mutum yana rarrafe, dole ya ji kamar an yi masa wasan yara. Amma likitan nan bai raina ki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma kusan tara cikin goma nasu irin wanda ba a iya nuna wata cuta guda a ce ga ta nan. Hoto ba ya ƙara wa irin wannan komai, sau da yawa ma tsoro yake ƙarawa. A 2015 an tattara binciken da aka yi a kan hotunan mutanen da bayansu lafiya lau, ba sa jin ciwon komai, aka ga kusan rabin 'yan shekara 40 faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan bulluƙo, a 'yan shekara 20 ma kusan uku cikin goma haka suke. Kamar furfura ce, sai dai ta ciki. Da an yi miki hoton an ce "faifai ya goce", da yanzu ko tsintsiya ba kya yarda ki ɗauka, alhali mai yiwuwa haka yake tun kafin ciwon ya zo. Shi ya sa ƙa'idar da likitocin Birtaniya ke bi tun 2016 ta ce kada a riƙa yin hoto haka kawai in babu alamar haɗari.

Yanzu ga inda aka yi tuntuɓe. Abin da likitar fisiyo ta ba ki daban, abin da kika yi daban. Ƙanenki da kyakkyawar niyya ya turo bidiyon, kada ki riƙe shi a rai, amma ya ba ki aikin da aka tsara wa masu neman damammen ciki ne. Tashi zaune daga kwance yana lanƙwasa ƙasan baya yana matse shi a lokaci guda, ke kuma da ma a lanƙwashe kike wuni a kan keke. Kin ɗauki bayan da ya gaji da sunkuyo kin ƙara masa sunkuyo sittin a rana, daga sifiri, ba shiri. Talatin ɗin safen sun fi muni: cikin dare faya-fayan baya suna shan ruwa su cika, har mutum yakan fi tsawo da kusan santimita guda in ya tashi, kuma a sa'ar farko bayan tashi ba sa son lanƙwasa mai ƙarfi. Tashin da ciwon ya yi ƙorafi ne na jikin da aka yi wa lodi. Ba shi ke nuna wani abu ya karye ba. Ai ga shi bayan kwana uku kin koma kan keke.

Me likitar take nufi da tsokokin ciki da na baya? Ƙasan bayanki ƙasusuwa biyar ne a jere, ɗaya bisa ɗaya, kuma su kaɗai ba za su iya tsayawa ba, kamar turken rumfa da ba a ja masa igiyoyi ba. Igiyoyin su ne tsokoki. Akwai wata shimfiɗaɗɗiya can ciki da ta zagaye ciki daga baya zuwa gaba kamar ɗamara. Akwai ƙanana da suka manne wa ƙashin baya, gaɓa zuwa gaɓa. Daga sama akwai tsokar numfashi a ƙarƙashin huhu, daga ƙasa akwai tsokokin ƙasan mara masu riƙe fitsari. A 1996 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, sun sa mutane su ɗaga hannu da sauri suna auna tsokokinsu. A masu lafiya, ɗamarar nan takan ɗaure kafin hannun ya motsa. A masu ciwon baya sai ta makara. Daga irin wannan aiki aka samo atisayen da ke cikin takardarki. Ke kuma ciki huɗu ya buɗa wannan ɗamarar sau huɗu, don haka likitar ba ta yi magana a banza ba. Abin da ake nema juriya ce da iya ɗaurewa a kan lokaci, shi ya sa za ki ga motsin ƙanana ne, har mai kallo ya ce ba abin da kike yi.

Ki ɗauko takardar. Ina kyautata zaton za ki ga waɗannan a ciki ko makamantansu, kuma in nata ya saɓa da nawa, nata za ki bi, don ita ta taɓa bayanki.

Na farko koyon ɗaurewa ne. Ki kwanta rigingine a ƙasa a kan shimfiɗa marar laushi sosai, ki tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki sa yatsu a mara, ɗan ciki kaɗan daga ƙashin kwatangwalo, ki yi ɗan tari. Abin da kika ji ya taurara a ƙarƙashin yatsunki, shi za ki koyi kira ba tare da tarin ba, a hankali, kamar yadda cikinki ke yi in kin hango autan nan ya taho da gudu zai faɗo miki. Ba da dukkan ƙarfi ba. Ki riƙe sakan goma kina numfashi, kina ƙirga a bayyane. In ƙirgen ya sarƙe, kin riƙe numfashi ke nan, ki sassauta. Kwana uku ko huɗu wannan kaɗai ya ishe ki.

Sannan ki ƙara ukun da Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya yi suna da su, bayan shekarun da ya kwashe yana auna nauyin da kowane motsi ke ɗora wa ƙashin baya. Ɗaya shi ne ya maye gurbin tashi zaunen nan: kina rigingine, gwiwa ɗaya a tanƙwashe, ɗaya ƙafar a miƙe, tafin hannuwa a ƙarƙashin ramin ƙugu. Ki ɗaga kai da kafaɗu tare, kaɗan, iyakar a iya zura takarda a ƙarƙashinsu, haɓa ba ta taɓa ƙirji ba, bayan bai danne hannuwanki ba. Sakan goma, ki sauke. Na biyu na kwiɓi ne: ki kwanta a gefe, ki dogara da gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwoyi a tanƙwashe, ki ɗaga ƙugu har daga kafaɗa zuwa gwiwa ya miƙe sambal. Wannan yakan ba mutum kunya a farko. In sakan biyar kika iya, biyar ɗin ne naki.

Na uku shi na fi so, kuma shi mutane suka fi ɓatawa. Ki durƙusa kamar mai rarrafe, hannuwa ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi ƙarƙashin ƙugu. Ki ɗaure ciki, ki miƙa ƙafa ɗaya baya kamar kina tura ƙofa da diddige. Kada ki cilla ta sama, iyakarta daidai da gadon baya. Ki sa 'yarki ta ɗora miki murfin gwangwanin allurai a tsakiyar baya: in ya zame, ƙugunki ya karkace. Mako na farko ƙafa kaɗai. In ta zauna, sai ki haɗa da miƙa hannun ɗaya ɓangaren gaba, ƙafar hagu da hannun dama, sannan ki sauya. Kina iya rufewa da ɗaga mazaunai daga kwance, gwiwoyi a tanƙwashe, don tsokokin wurin su ma zaman keke ya kwantar da su.

Kowanne ki yi sau biyar, ki huta, sau uku, ki huta, sau ɗaya. In kin ƙara ƙarfi, yawan za ki ƙara, ba tsawon riƙewar ba. Duka ba zai wuce minti goma sha biyar ba. Ki yi da hantsi ko da yamma, ba da tashinki daga barci ba. Abu ɗaya saboda haihuwa: in kina ɗaga kai kika ga tsakiyar cikinki ya taso kamar kunyar gona daga cibiya zuwa sama, ko fitsari yana ɗiga, ki nuna wa likitar, akwai yadda za ta sauya miki.

Tambayar da za ta taso miki a kwana na biyu ita ce: in na ji ciwo fa? Ki ba ciwonki maki daga sifiri zuwa goma kafin ki fara. Ɗan ƙari kaɗan, ko tsamin jiki irin na wanda ya yi aikin da bai saba ba, ba komai, muddin ya koma yadda yake kafin washegari. In ya kwana biyu yana sama, kin yi yawa, ki rage rabi, kada ki daina. In kuwa ciwo ya fara harbawa yana gangarawa ƙafa, ko ƙafar ta fara mutuwa ba kya jin taɓi, ki bar wannan motsin har sai likitar ta gani. Ki sami ɗan littafi, ko bayan littafin awonki ma ya isa, ki riƙa rubuta abin da kika yi da makin ranar. Kuma ki san za a yi ranakun da ciwon zai tashi ba laifin kowa, don rashin barci ko damuwa kaɗai suna iya tayar da shi.

Zan faɗa miki wata gaskiya da masu bidiyo ba sa faɗa. Atisayen nan ba shi da wani asiri. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace bincike-binciken lafiya, ta haɗa gwaje-gwajen da aka yi a kansa, ta ga ya fi zama haka nan, amma bai fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. Ni wannan labari daɗi ya yi mini, domin yana nufin ba sai kin yi shi cif-cif kamar mai zana jarrabawa ba, kuma in ya gundure ki akwai wata ƙofa. Tafiya a ƙasa ma magani ce. Mujallar Lancet ta buga wani gwaji daga Ostareliya a 2024, a kan mutum 701 da ciwon baya bai daɗe da sakin su ba: waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya tare da wayar da kai sun kai kwana 208 a tsakaice kafin ciwo mai hana aiki ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Ki fara da minti goma, ki riƙa ƙarawa. Dalilin da ya sa duk da haka nake so ki fara da takardar shi ne kin tsorata da bayanki, kuma ba abin da ke cire wannan tsoro kamar ki ga kin riƙe sakan goma yau, abin da ya gagare ki makon jiya. Ki ba shi mako shida kafin ki yanke masa hukunci, wata uku kafin ki ga cikakken amfaninsa.

Keken kuma ba na goyon bayan ki bar shi. Mutanen da ciwon baya ya raba da sana'arsu sukan fi wahalar warkewa, ga kuma ƙuncin zama ba aikin yi. Zaman ne za a gyara. Kowane rabin sa'a ki miƙe ko na minti biyu ne. Ki ajiye dutsen guga ko almakashi nesa da ke da gangan, yadda dole sai kin tashi. Ki matso da kujera kusa da keke, ki naɗe tawul ki sa a ramin ƙugu, ki ƙara haske a kan allura, don rabin sunkuyon tela neman gani ne. Yankan yadi a yi shi a kan tebur mai tsawo, ba a ƙasa ba. Na ɗan lokaci ki rage karɓar aikin gaggawa. Autan ma, in za ki ɗauke shi, ki matso da shi jikinki, ki durƙusa, ki tashi da ƙafafu.

Saura maigida, kuma a nan nake so ki yi taka-tsantsan. Ki dubi abin ta idonsa: ya ga matarsa ta yi motsa jiki, ya ga ta kwana uku tana nishi. Duk mai hankali abin da zai ce ke nan, a daina. Mutumin da ya fita ya nemo bel, ya kuma yarda a rasa kuɗin ɗinki don ki huta, ba abokin gardama ba ne, mai ƙaunarki ne da labari bai kai masa daidai ba. Kwanciya ita ce shawarar da likitoci da kansu suka daɗe suna bayarwa kafin bincike ya nuna musu cewa bayan kwana ɗaya ko biyu tana ƙara sandarar da baya, tana cinye tsoka. Don haka kada ki ce masa ya yi kuskure, kuma kada ki yi atisayen a ɓoye. Ranar da ciwon ya tashi ya gano, kin rasa amanarsa, kin rasa atisayen. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki fara da godiya, sannan ki amsa naki laifin: "Abin da ya kwantar da ni ba shi likita ta ba ni ba, nata na ajiye ban taɓa gwadawa ba." Ki nuna masa bidiyon, ki nuna masa takardar, ya ga bambancin da idonsa. Ki roƙe shi ya raka ki wajen likitar fisiyo ya yi mata duk tambayar da ke ransa. Maza da yawa abin da suka ji daga bakin likita ya fi zauna musu. Sai ku yi yarjejeniya: mako shida, shi ne mai riƙe agogo yana ƙirga sakan goman, littafin maki a buɗe a gabansa, in abin ya ƙi ku koma asibiti tare. In duk da haka ya ƙi, ki nemi ya yarda da tafiya kaɗai, ku riƙa fita tare da yamma, ki kuma nemi wani babba da yake jin maganarsa ya sa baki.

Bel ɗin kada ki jefar, kyauta ce. Amma bincike bai nuna yana warkar da ciwon baya ba, ƙa'idar Birtaniyan nan ma cewa ta yi kada a bayar da shi. In yana ba ki natsuwa a ranar da ciwo ya tashi, ki ɗaura na 'yan sa'o'i, ban da wuni da shi, ban da kwana.

Maganin kashe zafin ya fi bel ɗin damuna. Ba ki faɗi sunansa ba, amma in irin su ibuprofen ne ko diclofenac, shan su kullum na tsawon watanni yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya hau da jini. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, ki gaya masa tun yaushe kike sha da guda nawa a rana, ya tsara miki yadda za ki rage. Kafin nan, ruwan ɗumi a gora a naɗe da tawul, minti ashirin a kan ƙugu, yana rage wa mutane da yawa.

Kada kunyar ajiye takarda ta hana ki komawa wajen likitar. Ba ke ce ta farko ba, ta saba. Ki ce ta tsaya a kanki ki yi kowane motsi a gabanta, don zane ba ya gaya wa mutum ƙugunsa ya karkace. Ki sa maigida ya ɗauke ki bidiyo a waya kina yi daidai, shi za ki riƙa kallo a gida. Bayan mako shida ki sake rubuto mini, ki faɗa mini makin ranar farko da na ranar ƙarshe, da kuma minti nawa kike iya yi a kan keke kafin ki nemi dafa tebur.

Taki,
Anti